Yadda Kawu Orval Ya Kai Baƙi Cin Ƙaguwa

Kwanana huɗu da dawowa gida, bayan shekara bakwai ina gantali tsakanin kamfanonin kifi na Alaska da tuƙin tirela a Texas, ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Ina zaune a barandar gidanmu ina shawarar ko in nufi kudu ko in koma arewa, sai ga wata doguwar mota ta shigo layinmu tana tari. Irin ta ɗibar 'yan makaranta ce, an shafe ta da shuɗin fenti har da rabin gilasai. A jikinta an rubuta da hannu: YAWON TEKU DA ORVAL, ƊAN GARI. Kalmar ƙarshe ba ta samu wuri ba, sai aka lanƙwasa ta ta gangara gefen ƙofa.

Kawu Orval, ƙanin mahaifiyata, ya diro daga ciki da hular kyaftin a ka.

"Emmett, tashi! Zaman banza ya ƙare. Kana da lasisin babbar mota ko?"

"Ina da shi, Kawu. Amma wannan mota ce ko gawa?"

"Kamfani ne. Lorna mai masaukin baƙi tana neman mutum ɗaya da zai riƙa fita da baƙinta yawon gaɓar teku. Asabar za ta bi ni gwaji da baƙi biyu. In ta ce eh, baƙin bazarar nan kaf nawa ne."

"In ta ce a'a fa?"

"Ba za ta ce ba. Ai har na ajiye aikina na shagon ƙusa."

"Anti Maud ta sani?"

"Ta sani. Ta ce in abin bai yiwu ba in zaɓi kujerar da zan riƙa kwana a kai cikin motar. Ka san ta da wasa."

Na san matarsa, Anti Maud. Ban taɓa ganin ta yi wasa ba.

Asabar ƙarfe tara muka ɗauki mutum uku a ƙofar masaukin. Madam Lorna ce ta fara shiga, siririya, gilashi a kan hanci, ɗan littafin rubutu a hannu. Sai wasu tsofaffi miji da mata daga Nebraska, Mista Dwight da matarsa Verna, manoman masara da suka haura saba'in ba su taɓa ganin teku ba. Ni ne a sitiyari. Kawu ya tsaya a gaba riƙe da lasifika, alhali tsakaninsa da fasinjojin bai fi taku biyu ba.

"JAMA'A, BARKANKU DA..."

"Orval, ga mu nan a gabanka," in ji Madam Lorna.

"Don na baya nake yi."

"Ba kowa a baya."

"Za a samu."

Ya raba musu alewar nan mai danƙo da ake sayarwa a kowane shago na gaɓar Oregon. Mista Dwight ya jefa biyu a baki lokaci guda, haƙoransa na roba suka manne, na sama da na ƙasa. Daga nan bai sake cewa uffan ba. Kawu ya ɗauka daɗin bayaninsa ne ya rufe wa mutumin baki, sai ya ƙara murya.

Tsayawar farko a kan tsauni muka yi, gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Iska na kaɗa mu, gajimare ya sauko ya rufe rabin teku. Kawu ya ce ƙarfe goma daidai manyan kifayen nan masu feso ruwa ta tsakar ka, da muke kira wel, suke wucewa ta nan, kuma shi sun san fitonsa. Ya sa yatsu biyu a baki ya busa har fuskarsa ta yi ja, sannan ya nuna wani baƙin abu can cikin ruwa.

"Ga ta can! Babbar ce, uwar garke!"

"Wayyo Allah, Dwight, duba!" Verna ta shiga ɗaukar hoto. Can ta ce, "Mista Orval, ba ta motsi."

"Shayarwa take yi. Sai a hankali."

Wani tsuntsu ya sauka a bayan uwar garken. Na biyu ya zo ya zauna kusa da shi.

"Orval, wancan dutse ne," in ji Madam Lorna.

"Wane irin dutse?"

"Irin wanda aka ɗauke mu hoton aure a gabansa ni da marigayi, shekara talatin da ɗaya ke nan. Yana nan a bangon falona, in kana son ka gaishe shi."

"To ai abin da nake nuna musu ke nan. A jikinsa kifayen suke sosa baya."

Madam Lorna ta buɗe littafinta ta yi rubutu. Rubutun ya fi layi ɗaya.

Muka gangaro muka bi titin da ke manne da teku, dama ruwa, hagu dogayen itatuwa. Da muka zo daidai rumfar Signe, ƙamshi ya cika motar. Duk ɗan garinmu ya san romon Signe: kifi da dankali da madara, da kauri har cokali ya tsaya, a zuba maka cikin burodin da aka rarake. Shekara bakwai ina mafarkinsa. Na fara taka burki.

"Wuce!" in ji Kawu.

"Rana ta yi fa, Orval," in ji Madam Lorna. "Baƙina sun ji yunwa."

"Wannan abincin 'yan yawon buɗe ido ne."

"To su ɗin mene ne?"

"A motata ba baƙo, kowa ɗan gari ne. Da hannunsu za su kamo ƙaguwa, in dafa musu a bakin ruwa kamar yadda kakana yake yi."

Muka tsaya a gadar katako inda masunta ke ɗaure jiragensu. A bakinta shagon Gunnar yake, wanda ke sayar da kayan kamun kifi kuma yake da motar jan motoci guda ɗaya tak a yankin. Ajinsu ɗaya da Kawu tun firamare, kuma tun lokacin ba su yarda da juna a kan komai ba.

"A'a, kyaftin!" in ji Gunnar. "Yaushe aka ƙara maka girma daga awon ƙusa?"

"Ba ni raga biyu, ka rage surutu."

"Cinyar kaza nawa?"

Ko yaron goye a garinmu ya san cinyar kaza ake ɗaurawa a ragar ƙaguwa. Ƙaguwa na son ta, su kuwa zakunan teku, ƙattin dabbobin nan masu gashin baki da ke kwance a ƙarƙashin gadar suna haushi kamar karnuka, ba ruwansu da kaza. Kifi suke bi.

"Gunnar, a ina ƙaguwa ta taɓa ganin kaza?" in ji Kawu. "Ta je ƙauye ziyara ne?" Ya koma mota ya fito da leda, ya zaro wani ƙaton kan kifi da ya kwana uku.

"Ashe abin da muke shaƙa ke nan tun safe," in ji Madam Lorna. "Na ɗauka injin ne."

Verna ta karɓi kazar da Gunnar ya miƙa mata don kada a ce ta yi rashin kunya. Kawu kuwa ya ɗaure kan kifin a ragarsa, ya jefa, ya ƙulla ƙarshen igiyar a bel ɗinsa.

"Kawu, ɗaure a jikin ƙarfen gadar mana."

"A jikina nake jin motsin ƙaguwa. Kai ka daɗe a tudu, ka manta."

Haushin da ke ƙarƙashin gadar ya tsaya cak. Igiya ta miƙe. Kawu ya ce, "Kun gani?" Bai rufe baki ba aka fizge shi. Ya tafi a zaune kan katako mai santsi, ya wuce Mista Dwight, ya wuce bokiti, ya rungumi ginshiƙin ƙarshe da hannu biyu da ƙafa biyu.

"Emmett! Riƙe ni!"

"Ta ina, Kawu?"

"Ta ko'ina!"

Na kama shi ta hammata, zakin ya ja ta ƙugu. Muka yi ta yi, ni da dabba, har maɓalli ya yanke hukunci. Wando ya zame ya bi igiya ya faɗa ruwa. Kawu ya rage da hular kyaftin da jan dogon wandon ciki na sanyi. Masuntan da ke kan jiragensu suka ajiye aiki suka yi tafi. Zakin ya ɗago kai da kan kifin a baki, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya nutse.

"Gaskiya ka ji motsin a jikinka," in ji Gunnar. Ya ara masa wandon roba na masunta, rawaya, wanda mutum biyu za su shiga su yi hira.

Ana cikin haka Verna ta ja tata ragar, sai ga ƙaguwa biyar suna ta tsalle-tsalle. Ta yi ihu har da rawa. Na kifa su na duba ciki, biyu mata ne na mayar ruwa kamar yadda doka ta ce, na auna ukun suka cika girma.

"Kin ga dabarar ko, Madam Verna?" in ji Kawu yana riƙe da wando da hannu ɗaya. "Ni na janye hankalin zakin da gangan don ki samu sarari."

Da za mu tafi Gunnar ya miƙo masa ɗan littafin da ke nuna lokutan cikowar teku da janyewarta, wanda ake rabawa kyauta a kowane kanti.

"Ba wa baƙi," in ji Kawu. "Ni a bakin ruwan nan aka yanke mini cibiya."

Wurin da ya ce zai dafa ƙaguwar bakin wani rafi ne da ke zuba cikin teku, sai an bi ta kan rairayi. A yankinmu ana hawa rairayi da mota, amma ƙarama, a rage iskar taya, a bi inda yashi yake da danshi da tauri. Da muka iso gangaren na kashe mota.

"Kawu, wannan ba za ta hau yashi ba. Na tuƙa tirela shekara huɗu, na san nauyi."

"Matsa. A Texas ka koyi yashi?"

Ya zauna a sitiyari, wandon roba na kuka. Madam Lorna ta ce, "Orval, ruwa cikowa yake ko janyewa?"

Ya shafa gwiwarsa ta hagu, ya rufe ido. "Janyewa. Muna da awa huɗu cur."

"Gwiwar ce ta faɗa maka?"

"Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Ranar kuwa gasar gina siffofi da yashi ake yi, rairayin cike da mutane. Gasar nan ana fara ta ne idan ruwa ya janye, a rufe idan ya juyo.

"Kawu, dubi masu gasa, tattara shebur suke yi."

"Sun gaji ne."

Da farko motar ta tafi lafiya, har Verna na ɗaga wa mutane hannu. Sai Kawu ya hango wata ƙatuwar giwa da wasu iyali suka gina tun asuba, alƙalan gasa uku na tsaye a kanta da takardu. Ya ɗauki lasifika da hannu ɗaya, ya karya sitiyari da ɗayan.

"A HAGUNKU, JAMA'A, ZA KU GA..."

Motar ta bar yashi mai tauri ta yi zaman tsohuwa. Ya taka totur. Tayoyin baya suka haƙa rami suka feso yashi kamar injin casa, ya rufe giwar tun daga haure har wutsiya, ya rufe alƙali ɗaya har ƙirji.

"Kai, tsohon banza!" Matar da ta gina giwar ta taso da shebur. "Awa shida muna kan hancin nan!"

"KI YI HAƘURI, BAIWAR ALLAH, AIKIN KAMFANI NE!"

Ya sake taka totur. Motar ta karkace, bokiti ya kife, ƙaguwa uku suka bazu. Madam Lorna ta haye kujera ba tare da ta daina rubutu ba. Ɗaya daga cikin ƙaguwar ta ga ƙafar wandon roba a buɗe kamar ƙofar gida, ta shiga. Ihun da Kawu ya yi, ta cikin lasifika ya yi shi. An ce har a gadar masunta an ji.

Kafin mu zazzage shi mu fitar da ita, igiyar ruwa ta farko ta lashi tayar gaba ta koma.

"Wannan janyewar tana zuwa wajenmu ne, Orval?" in ji Madam Lorna.

"Sallama take yi. Haka take yi kafin ta tafi."

Ta biyu ta jiƙa mana idon sawu.

"Kawu, a kira Gunnar."

"In kira Gunnar? Gara teku ta cinye motar!"

"Yi a hankali, tana jin ka," in ji Madam Lorna, ta ciro waya ta kira shi da kanta.

A nan ne wani ya ba Mista Dwight kofi mai zafi. Ya kurɓa, ya juya baki, alewa ta saki. Maganar farko da ya yi tun safe ita ce, "Kowa ya tsaya." Muryarsa kamar an ja buhu a ƙasa. "Shekara hamsin ina ciro tarakta daga laka. A sace iskar tayoyi. A ciro kujeru biyu a shimfiɗa a baya. Masu shebur ku zo nan. Kai, mai hula, kada ka sake taɓa komai."

Mutane suka bi. Har matar giwa ta haƙa, tana haƙa tana zagi. Mutum wajen talatin suka jeru a gaban motar za su tura ta baya, ruwa na dukan ƙwaurinsu. Mista Dwight ya ce in hau in sa ribas, in taka kaɗan-kaɗan. Na taka, motar ta motsa, ta hau kan kujerun, ta fito taku ɗaya, taku biyu. Jama'a suka ɗau sowa suka matsa gefe suna haki.

Sai na ji an ja ni ta kwala an fitar da ni ta ƙofa.

"Sauka, ɗan nan. Ƙarshen aiki na mai kamfani ne."

"Kawu, tana ribas, kada ka taɓa giyar!"

"Ni za ka koya wa motata?"

Ya ɗaga wa jama'a hula, ya damƙi giya ya tura, ya take totur har ƙasa. Motar ta yi gaba. Ta bi ta ramin da ta fito, ta tsallake shi da ƙarfin da ba ta nuna ba tun safe, ta wuce inda masu turi suke tsaye ɗazu, ta shiga bakin rafin ta dasa hanci. Injin ya yi tari biyu ya mutu.

Jama'a suka zuba wa motar ido. Sai ga hular kyaftin ta ɓullo ta ƙofar saman mota, Kawu na biye da ita.

"KADA KOWA YA TSORATA! WANKE ƘASANTA NAKE YI!"

Lokacin da Gunnar ya iso ruwa ya kai fitilu. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce motarsa ba jirgi ba ce, sai gobe in teku ta bar wani abu. Kawu ya diro zai taka ya fito, wandon roba ya cika da ruwa ya tsaya ƙyam kamar an dasa shi. Dole Gunnar ya shiga ya zare shi daga wandon ya goyo shi a baya, jan wandon ciki na ɗiga, mutum ɗari biyu na ɗaukar hoto.

"Sauke ni, Gunnar."

"Ka ce don Allah."

"Ba zan ce ba."

"To mu zagaya ta wajen alƙalai."

Da la'asar muna rumfar Signe, mu shida, Gunnar ya kwaso mu a motarsa. Kawu na naɗe cikin bargon da Signe ta ara masa. Ta taga ana hango rufin motar, igiyar ruwa na wasa da shi. Na ci burodi biyu cike da romo ban ɗago kai ba. Mista Dwight ya ci uku. Verna sai dariya take tana share hawaye, ta ce tun ranar aurenta ba ta ga rana irin wannan ba.

Kawu ya gyara zama. "Kin ji da kunnenki, Lorna. Baƙi sun gamsu."

Rabin mutanen da ke cikin rumfar daga rairayin suka taho, duk suka juyo suna kallonmu. Madam Lorna ta rufe littafinta, ta goge baki.

"Orval, baƙina nake so su riƙa dawowa. Ba zan ba ka ko ɗaya ba."

"Haba Lorna, ko ɗaya?"

Ta yi ɗan tunani. "Akwai ƙanin marigayi. Duk bazara sai ya zo ya yi mini sati uku a ɗaki mai kallon teku, yana cewa ƙarar ruwa ta hana shi barci. Shi zan iya ba ka. Ka kai shi duk inda ka ga dama."

Kawu ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "Emmett, ka ji? Mun samu kwangila!"

"Kawu, motar tana cikin teku. Anti Maud kuma tana gida."

"Wa ya ce maka da mota za mu kai shi?" Ya juya, bargo na zamewa daga kafaɗarsa. "Gunnar, ɗan kwalekwalen nan naka mai inji, yana aiki?"

Gunnar ya ajiye cokali, ya bar rabin romonsa a kan tebur, ya fita da gudu ya je ya sa wa kwalekwalen sarƙa.